Gazawa: Uwar Amarya Ke Ɗaukar Kaya

Daga Maraɗi na shiga motar Damagaram, muka bi kwalta ta Cadawa da Agye, na sauka a Gazawa kafin a kai Tasawa. Lokacin kaka ne, an kai gero rumbu, an haƙe aya, kuɗi sun ɗan shigo hannu. A wannan yanki da kaka ake ɗaura yawancin aure, shi ya sa ko'ina ka waiga sai ka ga amalanke ɗauke da gado da katifa, ko ɗan kabu-kabu ya ɗaure akwatuna a bayan babur.

Dattawan da na zauna da su a gindin dalbejiya sun ce a zamaninsu saurayi yakan tara abokai su yi wa suruki gayya a gona, a sa amarya a lalle, a yi kwana bakwai ana kiɗan kalangu. Yau gidaje da yawa sun taƙaita abin zuwa ɗaurin aure da walima. Wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma yi ƙarfi a jihar Maraɗi, yana da hannu a ciki; tsadar rayuwa ma haka.

Amma raguwar kiɗa ba ta rage kashe kuɗi ba. Sadaki shi ne ƙaramin abu. Lefe ne ke kora samari ci-rani zuwa Kano, Agadas, har Libiya. Kayan ɗaki kuwa, waɗanda a da jeren ƙorai da tasoshi ne, sun koma gado da kabad da kujeru, kuma a wuyan uwar amarya suke. A wani ƙauye da ke kudu da garin, wata uwa ta nuna mini turken da babu akuya ko ɗaya, duk ta sayar don kada a yi wa 'yarta gori a gidan miji. Abin da ya fi damuna shi ne, ita wannan uwa tana rasa hanyar samu. A da mace tana da gamana, ɗan filin da take nomawa ban da gandu, daga nan take tara kayan ɗakin 'yarta. Yanzu jama'a sun yi yawa, gonaki sun tsuke, wasu mazan kuma suna fakewa da kulle su karɓe filin. An ƙara mata nauyi, an janye mata abin dogaro, kuma ban ga adalci a nan ba.

Abin da bai canza sosai ba shi ne shekarun amarya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su kai 18, a jihar Maraɗi ma abin ya fi haka. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare 'yan mata masu karatu, sai dai ƙauyuka da dama ba su da sakandare a kusa, kuma iyaye ba sa son tura 'ya mace zama a gidan wasu. Wani malamin firamare ya ce mini kowace shekara 'yan matan ajin ƙarshe sukan ragu bayan kaka, shi kuma yakan bi gida-gida yana roƙon a bar su su rubuta jarrabawa tukuna.