Injin Niƙan Gahawa: Abin da Na Duba Kafin Na Saya

A aikinmu na harhaɗa magunguna an koya mana cewa laushin gari yana da tasiri: mai laushi ya fi saurin narkewa, mai tsaki-tsaki kuwa yana jinkiri. Da wannan ilimin na shiga kasuwa lokacin da ni da maigidana muka yi shawarar sayen injin niƙan gahawa mai aiki da lantarki, don mu riƙa haɗa esfureso a gida.

Esfureso gahawa ce mai kauri, wadda na'ura ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garinta a daƙiƙa 25 zuwa 30. Lokacin kaɗan ne, don haka sai garin ya yi laushi, kuma ya zama bai ɗaya. In ya yi tsaki, ruwan ya wuce da gudu, a sha tsami. In laushin ya wuce kima, ruwan ya riƙa ɗiga da ƙyar, a sha ɗaci.

Injinan iri biyu ne. Akwai mai wuƙa, irin wanda ake niƙa kayan yaji da shi. Yana da araha, amma sara kawai yake yi, wani ɓangare ya zama ƙura, wani ya zauna da ɓarzarsa. Akwai kuma mai haƙora, wanda ke murƙushe ƙwayar tsakanin ƙarafa biyu kamar dutsen niƙan kakanninmu, kuma ana iya saita laushinsa kaɗan-kaɗan. Shi na saya, duk da ya fi tsada. Arha ba ta ado.

Ku duba ƙarfin wutar da aka rubuta a ƙasan injin. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, na Amurka kuwa 120, kuma in aka jona irinsa kai tsaye zai ƙone. Kada kuma a zuba masa citta ko kanumfari, ƙamshinsu ba ya fita.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'auni. Gahawa in ta yi daɗi, hannu ba ya tsayawa. Ƙaramin kofi ɗaya na esfureso yana ɗauke da kafeyin kusan miligiram 63. Babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a rana, mai juna biyu kuma 200, kuma goro da shayi duk suna cikin lissafin. Gahawa tana rage wa jiki amfana da ƙwayar ƙarin jini da maganin levothyroxine, don haka a raba lokacin shansu. Ciprofloxacin kuwa yana sa kafeyin ya daɗe a jiki. Mai hawan jini ya tuntuɓi likitansa.

Shi ya sa na haɗa da ɗan sikeli. Giram 18 nake aunawa, mu raba ni da maigida da safe, bayan la'asar kuma ba ma kunna injin.