Daga Kafaɗa Zuwa Sama

A daren wata Laraba ta watan Yuni na shekarar 2004, a wani gida da ke bayan kasuwar Matamaye, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an jibge tufafi a kanta kamar ranar rabon gado. Babu wanda ya rasu, babu kuma wadda za a kai ɗakin miji. Abin da ya tara mata huɗu a gaban fitilar ƙwai shi ne hoto guda ɗaya, wanda za a ɗauki matar gidan washegari da hantsi. Malamar lakkwal ce, shekararta goma sha biyar tana koyarwa tun fitowarta daga makarantar horon malamai ta Damagaram, kuma jam'iyyarta ta sa sunanta cikin jerin ƴan takarar majalisar kwamin a zaɓen da za a yi ranar 24 ga watan Yuli. An ce ta kawo hoto kafin Asabar, domin a haɗa shi da na sauran ƴan takara a kai maɗaba'a.

Mai karatu zai tuna yadda aka yi sunayen mata suka fara shiga irin wannan jeri. Ranar 13 ga watan Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai, saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Duk da haka, a majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999, mace ɗaya ce ta zauna cikin ƴan majalisa 83. Sai a watan Yuni 2000 aka yi dokar nan mai lamba 2000-008, wadda ta ce lalle mata su samu aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. Doka ta buɗe ƙofa, amma ba ta faɗi abin da mace za ta sa ta shiga ba.

Ga namiji, maganar ba ta ɗaukar lokacin shan furar ludayi biyu. Ya zura babbar riga, ya kafa hula, ko kuwa ya sa kwat ya ɗaura karabat idan yana son a san ɗan boko ne, shi ke nan. Babu wanda zai dubi hotonsa ya ce ya faye son duniya, ko ya raina addini, ko ya kunyata gidan surukansa. Ita kuwa mace mai aiki ba ta gaji wata sutura ta ofis daga kowa ba, domin uwarta ba ta taɓa zama a bayan tebur ba. Duk abin da ta ɗora a jikinta magana ce, kuma masu sauraro suna da yawa: miji, da danginsa, da sufeton makarantu, da limamin unguwa, da matan karkara waɗanda ake neman ƙuri'arsu.

Wadda ta fara magana a daren nan ita ce maƙwabciyarta, wata Hajiya ƴar kasuwa mai bin hanyar Ɗan Barto da Daura zuwa Kantin Kwari a Kano. Ta zo da shadda ƴar Getzner, wadda ake saƙawa a Ostiriya, sabuwa fil, da aiki a wuya har ƙirji, ta kuma zo da sarƙar zinariya a ƙulle cikin hankici. Ta ce: "Malama, mutane ba sa bin wanda ya fi su tsiya. Ki sa wannan, idan an gama ki maido mini. Wa zai sani?"

Malama ta yi godiya, amma ba ta miƙa hannu ba. Ta san wanda zai sani, domin ta taɓa gwadawa. A shekarar 1994, bayan da aka karya darajar sefa ranar 12 ga watan Janairu, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100, kuɗin atamfa ƴar Holan ya yi tsallen da albashin malamin makaranta bai iya bin sa ba, balle a shekarun da albashin ma sai ya yi watanni bai zo ba. A lokacin ne aka nemi hotonta don sabon katin aiki, ta ari ƴar Holan wajen wata ƙawa, ta ɗauki hoto ta mayar. Ranar da ta kai dosiye, wata ma'aikaciya ta ɗaga hoton, ta yi murmushi, ta ambaci sunan mai zanen. A ƙaramin gari kowace atamfa mai tsada tana da suna biyu, sunan zanenta da sunan mai ita. Shekara goma hoton nan yana liƙe a katinta, kullum ta fito da shi sai ta tuna abin da magabata suka ce, zanen aro ba ya rufe katara.

Sai ƙanwarta, sakatariya a wani ofis a Damagaram, ta ɗaga riga da siket na Turawa, masu kafaɗa tsaye, waɗanda tela ya ɗinka mata daga hoton wata mujalla. Ta ce: "Yaya, ke fa ƴar boko ce, bari a gani. In kin fito kamar mai zuwa suna, za su ce cike gurbi aka yi da ke." Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin jam'iyyu da dama sun nemi mata ne kamar yadda ake neman tambari a kan takarda. Amma tufafin da ke buɗe ƙofa a Yamai yana iya rufe ta a ƙauyukan Kance, inda mace mai siket baƙuwa ce ko da an san kakanta.

Uwar mijinta ba ta kawo kome ba sai saƙo. Ta jira kowa ya gama, sa'an nan ta ce a hankali: "Ɗiyata, shi bai hana ba. Amma ya ce a tuna hoton nan a bango za a liƙa shi, inda kowane ƙato zai tsaya ya duba." Kowa ya fahimci hijabi ake nufi. Dogon hijabin nan mai sauka har gwiwa ba tsohon abu ba ne a ƙasar Hausa: kakanninsu da zane da adiko da mayafi suka yi sallarsu har suka koma ga Allah. Ya yaɗu ne daga shekarun 1980 zuwa 1990, tare da makarantun Islamiyya na mata da wa'azin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978. Malama tana da nata, fari, da shi take zuwa Islamiyya da gaisuwar mutuwa, kuma ba ta jin nauyinsa. Abin da ya dame ta shi ne ba da shi take shiga aji ba. Iyayen yara ba su san ta a cikinsa ba, kuma ta ji tsoron a ce ta tuba ne don ƙuri'a.

An taɓa maganar atamfar ranar 13 ga Mayu, wadda ake bugawa don bikin matan Nijar, aka ajiye ta, domin rubutun da ke jikinta zai yi gardama da rubutun jam'iyya. An ture wata mai ruwan hoda gefe ba tare da an ce uffan ba, tun da a shekarun nan ko yaro ya san ruwan hoda na ƴan Tarayya ne. Launuka kansu sun riga sun yanki katin jam'iyya.

Dare ya raba, baƙi suka tafi, kowa da ɗan fushinta. Malama ta zauna ita kaɗai tana ninke kaya. A ƙasan tulin ta tarar da atamfar da ta fi sawa ranar Litinin, mai ruwan baba da ƙananan zane, ƴar masaƙar Yamai, wadda wanki ya kashe mata ƙyalli amma bai ci launinta ba. Ta dafa gawayi a dutsen guga, ta goge ta. Da safe ta ɗaura kallabinta ƙasa-ƙasa, ba irin ɗaurin biki mai tashi sama kamar tutar sarki ba, ta yafa gyale mai kauri wanda ya rufe wuya da kafaɗu, ta sa kwalli, ta bar ƴan kunnen da aka yi mata tun lefe. Da ta durƙusa gaida surukarta, tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta gyara mata bakin gyalen da yatsa biyu, ta ce: "Allah ya ba da sa'a." Iyakar hukuncin ke nan.

Shagon mai hoto ɗaki ɗaya ne kusa da tasha. A bango akwai labule mai zanen gidan bene da jirgin sama, a gefe ga furen roba da wayar tarho wadda ba ta da igiya, don masu son a ga sun ci gaba. Irin waɗannan kayan ado suna da asali mai daraja: da su Seydou Keïta ya yi suna a Bamako tun daga 1948, yana ba masu zuwa aron rediyo da agogo da babur, yau kuma hotunansa suna rataye a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Amma wancan hoton marmari ne. Hoton aiki ba ya son rakiya. Mai hoton ya naɗe labulen, ya saki farin ƙyalle, ya zaunar da ita a kan kujerar ƙarfe.

A nan ne ta ji abin da da an sani tun jiya, da an yi barci da wuri. Mutumin, wanda ya shekara ashirin yana leƙen fuskokin mutanen Matamaye ta ƙaramin gilashi, ya ce mata ta kyauta da ba ta sa shadda ba, domin sabuwar shadda madubi ce, tana maido da hasken fitila sai ƙirji ya fito fari fat kamar kwanon sha. Ya ce farin hijabi a gaban farin bango ya fi wannan muni: na'urar tana auna haske ne da abin da ya fi yawa a gabanta, idan ta ga fari ko'ina sai ta rage, fuskar baƙar mace ta nutse, a ga idanu kawai. Bai san dalilin can na nesa ba, amma gaskiya ce cewa kamfanin Kodak ya daɗe yana daidaita launin hotuna da hoton wata Baturiya, ba da fatar mutanen Damagaram ba. Ya ƙara da cewa manyan zanen ƴar Holan, irin su tsuntsu ko fanka, hoto yana sare su biyu, hoda mai yawa kuwa tana mai da fuska toka-toka ta bar wuya baƙi.

Sa'an nan ya nuna mata da hannu inda hoton zai tsaya: ɗan ƙasa da kafaɗa. Ta yi dariya har gyalen ya zame. Turmi yadi shida ne, an kwana ana gardama a kansa, ashe abin da zai fito bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Abu ɗaya suka saɓa a kai. Malama tana da tsagar gado a kumatunta, irin ta gidan ubanta. Mai hoton ya ce a Kano, inda yake aika fim a wanke, an kawo kwamfuta mai share irin wannan, har ta ƙara wa mutum haske, jika ɗaya kawai za ta ƙara. Ya ce manyan mata duk haka suke yi yanzu. Ta ce: "Malam, in ka goge, wa za su zaɓa?" Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ta ɗaga haɓa kaɗan, kada ta yi murmushi da yawa, kada kuma ta ɗaure fuska kamar jandarma.

Takardar ta fito bayan mako biyu, an buga ta da tawada ɗaya saboda tsada. Fuskoki fiye da goma a jere, kowace ba ta fi akwatin ashana ba, maza a sama, ita a can wajen ƙasa. Ruwan baba ya tafi, ƙananan zanen sun zama ɗigo-ɗigo. Da shaddar Hajiya ce ko siket ɗin ƙanwa, da ba wanda zai bambance. Abin da ya tsira daga injin maɗaba'a shi ne ɗaurin kallabi, da gyale, da tsaga.

A wani ƙauye da ke kan hanyar Kance, tsakanin gonakin rake, an liƙa takardar a jikin rumbu. Wata tsohuwa wadda ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta matso har hancinta ya kusa taɓa takardar, ta bi fuskokin da yatsa, ta tsaya a kan ta ƙasa. Ta faɗi sunan gidan da aka haifi Malama, ta faɗi sunan kakarta, sa'an nan ta ce ai wannan ce ta koya wa jikanta karatu har ya ci sartifika. Kujerun da jam'iyyar ta samu ba su kai ga sunan Malama ba. A watan Disamba na shekarar nan mata 14 suka shiga majalisar dokoki cikin 113, ita kuwa ta koma ajinta da allinta. Ragowar hotunan ta zuba su cikin ambulan, ta yi ta cirewa ɗaya-ɗaya, na katin aiki, na asusun ajiya, na ƙarshe ta liƙa a takardun ritaya.

A 2019 aka ɗaga kason mata zuwa kashi 25 cikin 100, a 2024 kuma aka rushe majalisun kwamin. Mai hoton tasha ya daɗe da komawa sayar da katin waya da cajin batir, tun da kowa ya zama mai hoton kansa. Bara ɗiyar Malama, wadda ta samu aikin jinya a Damagaram, ta aiko wa uwarta hotuna uku ta WhatsApp, tana tambayar wanda za ta ba da don katin da za ta rataya a wuya: ɗaya da hijabi, ɗaya da farar rigar aiki, ɗaya da leshi. Malama ta sa tabarau, ta buɗa hotunan da yatsa biyu yadda jikanta ya koya mata, ta daɗe tana dubawa. A dukansu wayar ta goge fuskar ta yi sumul kamar ƙwai, ta yi fari, har ɗan tabon da yarinyar ta samu a goshi ranar da ta faɗo daga kan jaki ya ɓace. Ta danna wurin magana, ta kai wayar bakinta, ta ce: "Rigar aikin ta yi. Amma ki sake ɗauka a waje, a inuwar bedi, ki kashe abin nan mai gyara. Wannan ban san ɗiyar wa ce ba."