Mai nemo wa wasu aiki, wa ke duba masa nasa?

Yawancin iyaye a Maradi da Damagaram sana'o'in boko huɗu suka sani: likita, malamin lakwal, soja, sai mai zama a biro. In yaro ya ce yana son ya zama mai nemo wa kamfanoni ma'aikata, uba zai tambaye shi, "Wato dillanci? Don shi muka yi ta sayen littattafai?" Ni ban ga aibin sunan ba. Dillalin kirki a kasuwar dabbobi amanar mutum biyu yake riƙewa, ta mai saye da ta mai sayarwa. Wannan kuwa abin da ke hannunsa ya fi sa da raƙumi, domin abincin gidan wani ne.

Na haura shekara 20 ina riƙe da alli. Mu da muka fito makarantar horon malamai, hanya ɗaya aka shata mana: daga horo sai aji. Yaran yanzu hanyoyinsu sun yi rassa, kuma cikin waɗanda na koyar akwai biyu da suka shiga wannan sana'a. Abin da na lura da shi a wurinsu shi ne, wanzami ba ya son jarfa. Suna iya zama su tace takardun mutum ɗari, su ce wannan ya dace da nan, wancan bai dace ba, amma da nasu neman ya zo, ƙofar da ta fara buɗuwa ita suka faɗa.

Ƙofofin kuwa uku ne, kowace da halinta. Akwai hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, inda ake rajistar masu neman aiki. Can akwai kwanciyar hankalin albashi, amma sai mai haƙuri da layin mutane da tarin takardu. Akwai ofisoshi masu zaman kansu, yawancinsu a Yamai, waɗanda kamfani ke biya su tace masa ma'aikata. Can ana koyon aiki da sauri, sai dai wata ya yi kyau, wata ya zo a bushe. Ta uku ita ce sashen kula da ma'aikata a cikin kamfani ko ƙungiyar agaji, inda wanda ka ɗauka yau gobe da shi za ku ci tuwon rana, in ka yi zaɓen tumun dare kai za ka fara gani.

Ɗalibina namiji ta biyun ya shiga, wani ƙaramin ofis da ba zan ambaci sunansa ba. Wata huɗu ya yi ya ajiye. Ashe kuɗin ofishin daga aljihun masu neman aiki suke fitowa: kuɗin buɗe dosiye, kuɗin sabuntawa, alhali babu kamfanin da ya nemi kowa. Ya ce mini ranar da wata dattijuwa ta kwance haɓar zaninta ta biya wa ɗanta, ya san ba zai kai ƙarshen wata ba. Tambaya ɗaya da ta tsare shi tun ranar farko: wa ke biyan wannan ofis? Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ginshiƙinta shi ne kada irin waɗannan ofisoshi su karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci. Mai neman ma'aikata shi ke biya.

Sauran tambayoyin ba su da wuya. Albashi ne tsayayye ko la'ada? Akwai kwantiragi a rubuce? Za a yi maka rajista a CNSS? Wanda bai nema wa kansa waɗannan ba, da wane baki zai nema wa wasu? Haka kuma wanda bai karanta dokar aiki ta 2012 ba, bai san cewa albashi mafi ƙanƙanta ya koma jika 42 tun farkon 2024 ba, zai tura ɗan mutane inda za a cuce shi, yana ganin alheri ya yi.

Ɗalibata mace ta fi shi dabara a karo na biyu. Ta tsaya ta zaɓi fanni guda, na kiwon lafiya, ta koyi bambancin ungozoma da ma'aikaciyar jinya da mai aikin awo, ta san makarantun da ke horar da su. Yau duk wanda ke son buɗe ƙaramin asibiti a yankinsu ita yake nema. Fanni shi ne jarin wannan sana'a. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 ake bukatar masu walda da masu lantarki, kuma wanda bai san aikin walda ba, ba zai gane gwani ta takarda ba.

Mu malamai muna iya hango irin yaran nan tun suna aji. Shi ne wanda in an ce a kasa aikin rukuni ya san wa ya iya lissafi, wa ya iya magana. Mu ƙarfafa masa Faransanci da Ingilishi da kwamfuta, kada kuma ya raina Hausa da Zabarmanci, domin direba da mai gadi da harshen gida ake gane gaskiyarsu.

Magana mafi nauyi ta iyaye ce. Ranar da ɗanku ya zauna a wannan kujera, waya za ta fara kuka: ɗan baffa yana zaune, ƙanen uwa ya gama karatu. In ya sa wanda bai cancanta ba sau ɗaya, kamfani ba zai sake yarda da zaɓensa ba, kuma amanar nan ita kaɗai yake sayarwa. In dangi suka taso, ku tsaya masa. Ku ce ɗan baffa ya kai takardunsa kamar kowa.