Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu: Wa Ke Riƙe Da Makullin Intanet A Gidanki?

A wannan wata ina so ki ɗauki mayafinki ki biyo ni ƙasar Kabi, mu ziyarci Birnin Kebbi da Argungu, garuruwan shinkafa da kifi da ke bakin Gulbin Rima. Amma ba shinkafa da kifi kaɗai za mu kalla ba. Akwai wani baƙo da ya fara shigowa gidajenmu ta saman rufi, wato intanet na tauraron ɗan Adam, kuma yana zuwa ne da wani ɗan akwati da ake kira rauta, wanda shi ke raba intanet ɗin ga wayoyin mutanen gida. Maigida ne ke biyan kuɗi, mai haɗawa ya zo ya haɗa ya kama gabansa, amma wadda ke wuni da wannan akwati tare da yara ke ce, uwargida. Don haka ya kamata ki san shi ciki da waje.

Mu fara da Birnin Kebbi. Gari ne mai tsohon tarihi, nan ne fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu, wadda ake kira Fadar Abdullahi Fodiyo, kuma tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya zama babban birnin jiha. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, saboda haka gari ne na ma'aikata da ɗalibai, masu buƙatar intanet dare da rana. Idan kika bi ta unguwanni irin su Gesse da Badariya, ki ɗan ɗaga kai ki dubi rufin gidaje. Ban da tankin ruwa da allon sola da tsohon farantin talabijin, jefi-jefi za ki hango wani farin abu shafaffe mai kusurwa huɗu, kamar faifan rufe tukunya da aka karkata yana kallon sama. To, shi ne faifan Starlink.

Wannan kamfani ya fara aiki a Nijeriya ne a watan Janairu na 2023, kuma ƙasarmu ce ta farko a Afirka da ta same shi. Ba shi ne farkon intanet na tauraro a ƙasar nan ba, domin Nijeriya tana da nata tauraron sadarwa, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011. Bambancin shi ne, irin wancan tauraro yana can nesa, kilomita 35,786 daga ƙasa, don haka saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Su kuwa taurarin Starlink dubbai ne, suna shawagi a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kacal, shi ya sa ake iya hira ta bidiyo ko sauraron karatu kai tsaye ba tare da murya tana jinkiri ba.

Kafin ki ce wa maigida ya sayo, ki tsaya ki yi lissafi, domin ba kowane gida ke buƙatarsa ba. Idan sabis ɗin waya yana da ƙarfi a unguwarku, ƙaramar rauta mai cin layin waya za ta iya wadatar da ku da kuɗi kaɗan. Na tauraro ya fi dacewa da gidan da ke bayan gari inda sabis ke wahala, ko babban gida mai jama'a da yawa, ko makaranta, ko mai sana'ar da ba ta yiwuwa sai da intanet. Kayan kansu dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata da ba ya tsayawa wuri guda. A Oktoba 2024 kamfanin ya sanar da ƙarin kuɗin wata daga N38,000 zuwa N75,000, sai da hukumar sadarwa ta NCC ta nuna rashin amincewa sannan aka dakatar da ƙarin a lokacin. Ki tambayi farashin yau, ki auna shi da kuɗin cefane da na makarantar yara. Kada ki saya don kawai maƙwabciya ta saya.

Abu na biyu shi ne wuta. Babban faifan da rautarsa suna cin wat 75 zuwa 100, wato kusan yunit biyu zuwa biyu da rabi na mita idan suka kwana suka wuni a kunne. Ƙaramin da ake kira Mini yana cin wat 25 zuwa 40 ne, kuma rautarsa a jikinsa take. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ya ɗauki 'yan mintuna kafin ya sake kama tauraro, saboda haka gidan da ba shi da inbata da batir zai riƙa biyan kuɗin wata yana amfana da rabi. A cikin manhajarsa akwai wani tsari na narkar da ƙanƙara, wanda aka yi don ƙasashen sanyi. Mu da muke fama da zafin Afrilu mai haura digiri 40, me za mu narkar? Ki sa a kashe shi, batir ya huta.

Sai kuma wurin da za a kafa faifan. Yana son sararin sama fili, babu abin da ya tare shi. A gidan wata yayata a Badariya, darbejiyar da suke shan inuwa ce ta so ta hana ruwa gudu. Mai haɗawa ya ce a sare ta, ita kuwa ta ce, "Malam, wannan bishiya ta girmi intanet ɗinka, nemo mata wata dabara." Sai aka ɗaga faifan a kan dogon ƙarfe a can ɗaya kusurwar rufin, aka zauna lafiya. Manhajar tana da wurin da ake ɗaga waya a haska sama da kyamara, ta nuna ko akwai reshe ko tanki ko bene da zai tare hanya. Ki tabbata an yi wannan gwaji kafin a huda bango. Ki kuma sa a ɗaure ƙarfen tamau, domin kin san iskar farkon damina a wannan yanki, wadda ke yaye kwanon rufi ma balle faifai. Idan aka tsuge da ruwa mai ƙarfi intanet kan yi rauni na ɗan lokaci, wannan ba lalacewa ba ne.

Yanzu mu kama hanyar Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50. Za mu wuce Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake, daga nan sai gonaki da garken shanu da masu tallar kayan gona a bakin titi. Wannan ƙasa ce ta fadama, inda ake noman shinkafa damina da rani. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015, kuma a 2017 aka buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu. Yau dillalin shinkafa yana tura hoton buhu ta waya, matar aure mai sayar da busasshen kifi tana karɓar kuɗi ta banki daga Kano ko Abuja ba tare da ta fita daga ɗakinta ba. Wannan alheri ne, kuma shi ya sa ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya.

Idan kin shiga Argungu, kada ki bari a wuce da ke ba ki leƙa Gidan Tarihi na Kanta ba. An sa masa sunan Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Ginin ƙasa ne na 1831, ya zama fadar sarakuna har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. A ciki za ki ga masu da takubba da tambura da kayan su na kakanni. Ki ɗora hannunki a kan bangon, ki ji kaurinsa da sanyinsa. Irin wannan kauri, wanda har yanzu ake samu a tsofaffin gidajen cikin gari, yana tare zafin rana, kuma haka yake tare siginar rauta. Bangon siminti mai rodi da ƙofar ƙarfe su ma haka suke yi.

Nan ne maganar zaɓen rauta ta taso. Rauta tana watsa sigina ta layi biyu. Layin 2.4 yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma bai cika sauri ba. Layin 5 yana da sauri ƙwarai, amma bango biyu sun isa su karya lagonsa. Gidajenmu kuwa ba irin na Turawa ba ne: ga zaure, ga shigifa, ga turakar maigida, ga ɗakunan mata kewaye da tsakar gida. Idan gidanki ƙarami ne, rautar da ta zo da faifan ta isa. Idan babba ne mai sassa, a ja waya daga rauta ta farko zuwa ta biyu a ɗaya sashen, domin waya ta fi iska aminci. Sabuwar rautar Starlink tana da ramukan waya biyu a bayanta, tsohuwar kuwa sai an sayo mata ɗan mahaɗi daban, don haka ki tambayi wacce ake sayar muku. Idan za a sayi ta biyu, kada ki dubi yawan ƙahonninta. Tambayoyi uku za ki yi: tana da layi biyun nan? Tana da ƙofar baƙi daban? Tana da tsarin da iyaye za su ƙayyade wa kowace waya lokaci?

Wurin ajiye ta kuwa, a tsakiyar gida, a sama, a fili. Ban da cikin kabad, ban da bayan talabijin, ban da kusa da murhu, kuma a riƙa share mata ƙura lokacin hunturu. Sau da yawa za ki tarar an kafa ta a zaure ko falon baƙi saboda nan wayar ta fi sauƙin shiga. Sakamakon haka samarin da ke zaune a dakalin ƙofar gida sun fi ki samun sigina, ke kuwa da kike son sauraron tafsiri a ɗakinki sai kin fito tsakar gida kina ɗaga waya. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wannan magana ce ta adalci, domin idan sigina ta cika ɗakin amarya ta kasa kai wa na uwargida, kin san abin da zai biyo baya. A zauna a shawarta tun kafin a buga ƙusa.

Daga gidan tarihi mu gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, abin da ya tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake taskacewa. Kowa ya san hoton dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da homa da gora, ana neman wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin da ya sa ake samun manyan kifaye a wurin. Ruwan yana da mai shi. Akwai Sarkin Ruwa, kuma ba a su a wannan yanki sai lokacin da aka ba da izini. Da an bar kowa ya shiga yadda ya ga dama, da tuni ba a samun ko ƙaramin tarwaɗa.

'Yar uwa, ke ma ki zama Sarkin Ruwan gidanki. A ranar da aka haɗa, kafin mai haɗawa ya fita, ki sa a sauke manhajar a wayarki ko ta maigida, da imel ɗinku, ba nasa ba. Bayan ya tafi ku canza kalmar sirri. Kada a sa sunan yaro ko lambar waya ko 12345678, a haɗa kalmomi uku ko huɗu da lambobi waɗanda ku kaɗai kuka san ma'anarsu. Kada kuma a sa sunan maigida a matsayin sunan da ke fitowa a wayoyin masu wucewa. Baƙi da maƙwabta a ba su ƙofar baƙi, mai kalmarta daban, wadda za a iya canzawa ba tare da an tayar da gida ba. Manhajar tana nuna duk wayoyin da ke kan layi, ki riƙa dubawa ko da sau ɗaya a mako. Idan wayoyin gidanki takwas ne kika ga goma sha biyar, kin san kalmar ta fita.

Akwai kuma matatar da ke toshe shafukan batsa, wadda take cikin manhajar Starlink da yawancin rautocin zamani, amma ba ta aiki sai an kunna ta. Akwai tsarin barci, inda za ki sa faifan ya kwanta, misali daga ƙarfe 11 na dare zuwa asuba. Batir ya huta, idon yara ya huta. A ajinmu na Islamiyya ba sai an gaya mana ba, yarinyar da ta kwana kan waya ana gane ta tun daga hadda: ido ja, hamma, aya ɗaya sai an maimaita sau biyar. Sai dai ki sani, matata ba ta kama komai, kuma yaron da ya sayi datarsa ko ya sa manhajar kewaye shinge ya fita daga ƙarƙashin rautarki. Don haka dokar gida ta fi ta na'ura ƙarfi: waya ta kwana a ɗakin uwa, kallo a yi shi a falo inda kowa ke gani, ke ma ki ajiye taki idan lokaci ya yi, domin yaro abin da ya gani yake ɗauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ki ce wannan aikin maza ne ko na 'yan boko. Wadda ta iya lissafin adashi da awon tuwon mutum ashirin ba za ta kasa riƙe kalmar sirri ba. 'Ya'yan nan amana ce da za a tambaye mu a kanta, kuma ta wannan ɗan akwati karatun malamai da darasin jarrabawa da ciniki za su shigo, ta nan kuma abin da ba ma so zai nemi hanya.

Idan Allah Ya kai ki Argungu, ki sayo wa maigida busasshen kifi da shinkafar gida, ki kuma kai yara su ga gidan Kanta da idonsu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a gidajenmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.