Takalmin Abokina

Jikana ya shigo da wayarsa a hannu bayan Isha'i, ya durƙusa gefen darduma, ya ce, "Alhaji, tunda ka ce ba wanda ya fi ka sanin takalmi a duk Shara Mansur, zaɓa mini ɗaya." Hotuna uku ya nuna mini. Ko wanne gindinsa ya yi kauri kamar an manna masa burodi, kalarsa kuwa sai ka rantse na 'yan rawa ne. Gudun famfalaki na Riyad yake wa shiri, wanda aka fara a 2022, kilomita 42 da 'yan kai. Na ce, "Abokina, nawa?" Ya kawar da kai. Da ƙyar ya ce mai arhar ya doshi riyal dubu. Na yi salati.

Shekara hamsin da wani abu ina dukanci a Makka. Basilla da zare da gam su suka ciyar da gidan nan. Ƙafar da ba ta ratsa gabana ba kaɗan ce: ta Bature musulmi mai laushi kamar ta jariri, ta mutumin Afganistan mai faɗin faranti, ta 'yan uwanmu na Katsina da Maraɗi da faso ya yi wa zane. Saboda haka ban raina tambayarsa ba. Na ce ya yi mini bayani, a hankali, da Hausa, don Larabcinsu na yaran yanzu gudu yake yi fiye da su.

Ashe abin yana da tushe. A 2017 kamfanin Nike ya fito da wani takalmi mai suna Vaporfly, masu bincike a wata jami'a ta Kolorado a Amurka suka auna suka ga yana rage wa mai gudu kusan kashi 4 cikin ɗari na ƙarfin da yake ƙonawa. Sirrin biyu ne. Akwai wani soso marar nauyi wanda idan ka taka shi ya lotsa sai ya mayar maka da mafi yawan ƙarfin da ka zuba masa, akwai kuma falle na zaren kabon, siriri, mai tauri, ɗan lanƙwasasshe kamar cokali, a binne tsakiyar soson, yana hana tafin ƙafa karyewa wajen yatsu, yana tura mutum gaba. A Oktoban 2019 Eliud Kipchoge na Kenya, sanye da irin wannan takalmi, ya yi tazarar famfalaki a birnin Biyana cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake ba a sa shi a kundi ba don ba gasa ba ce ta ƙa'ida. Washegari Brigid Kosgei ta karya tarihin mata a Shikago. Gardama ta kaure, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a farkon 2020: kaurin gindi kada ya wuce milimita 40, falle kuma ɗaya tak. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na Adidas da Tigst Assefa ta Habasha ta sa a Balin a 2023. Nauyinsa giram 138, kuɗinsa dala 500, wato riyal 1,875, kuma masu shi da bakinsu suka ce na gasa ɗaya ne. Baduku ya ji wannan ai sai ya riƙe haɓa.

Mahaifina da ƙafa ya zo garin nan. Ya bar ƙasar Katsina, ya ratsa Barno da Cadi, ya tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan har aka haife ni, sannan muka ƙetare teku zuwa Jidda. Takalminsa na taya ne, shi ya yanka abinsa, kuma a wuya ya fi rataye shi, don ya ce ƙafa tana warkewa, takalmi ba ya warkewa. Na so in ba yaron wannan labari in rufe masa baki, har da na Abebe Bikila da ya ci gasar Rum a 1960 ba takalmi. Sai na tuna yadda tsohon ya ƙare kwanakinsa, gwiwa a kumbure, a kan kujera ake kai shi Harami. Na haɗiye maganata. Da ya samu soson nan da ya sa, kuma da ya gode Allah.

Abin da na sani na gaske daga aikin Hajji na koye shi. Duk shekara haka take: ranar 8 ga wata mahajjaci ya ɓare sabon silifa daga leda, don yana son ya fita Mina fes. Kafin a bar Muzdalifa igiyar ta ci masa tsakanin yatsu, bororo ya tashi ya fashe, ranar jifa ka gan shi yana ɗingishi da takalmi a hannu kan kwalta mai zafin tanda. Wanda ya zo da tsohon faɗensa da ya saba da shi tun gida, shi ke wuce shi yana talbiyya. Ban taɓa ganin shekarar da wannan bai faru ba, har bayan da aka kawo jirgin ƙasa na Masha'ir a 2010, domin tafiyar ƙafa ba ta ƙare ba, wuri kawai ta sauya.

Don haka na ce masa hoto ba ya gaya mini komai. Ya cire safa. Na riƙe ƙafar a cinyata kamar yadda nake riƙe ta baƙo: faɗi gare ta a gaba irin ta kakansa, dunduniya siririya, idon sawun hagu yana ɗan faɗawa ciki in ya tsaya. Ɗaya daga cikin ukun ƙunƙuntacce ne, na ce a cire shi, ko Kipchoge ne ya ɗinka. Na biyu ya cika tsawo da laushi, kuma mai idon sawu irin nasa, in gajiya ta zo a kilomita na talatin da wani abu, zai riƙa tangaɗi a kai kamar mai tafiya kan katifa. Shi da kansa ya amsa cewa ba kowa ke samun kashi huɗun nan ba, wani ya samu fiye, wani kusan babu, kuma masu gudu a hankali irinsa rabonsu ya fi ƙanƙanta. Ya ce taurin fallen yana sauya inda nauyi ke sauka, wasu har ƙashin tafin ƙafa ke yi musu ciwo in sun afka masa gaba ɗaya. Na ce to, da ma ka sani, so kake tsoho ya sa maka hannu.

Sharaɗi biyu na kafa. Ya je kanti da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, ya gwada da safar da zai yi gudun da ita, ya bar faɗin babban yatsa a gaba. Sannan ya yi doguwar tafiya da shi sau biyu ko uku kafin ranar, sauran atisaye kuwa ya ci gaba da tsohon kambas ɗinsa da na riga na yi wa faci sau biyu.

Na uku ya saya, na cika masa riyal ɗari uku ba da sanin uwarsa ba. Juma'ar da ta biyo muka yi umara tare. Tsakanin Safa da Marwa, da muka iso ƙarƙashin korayen fitilun nan inda maza ke sassarfa, ba takalmi, kan marmara mai sanyi, na ɗan taɓa gudu irin na masu shekara saba'in da bakwai. Ya biyo ni a gefe yana riƙe da gwiwar hannuna, yana danne dariya. A zagaye na biyar na ce ya sake ni. Bai sake ba.