Kiɗan Da Ya Rasa Uba

 Kowace uwa ta san halin nan na iyayen gidanmu maza. Ranar da yaro ya zo na ɗaya a jarrabawa, maigida zai yi ta faɗa wa baƙi cewa ɗansa ne, shi ya biyo. Ranar kuwa da ya fasa gilashin motar maƙwabci, sai ki ji an ƙwala miki kira: “Zo ki ga abin da ɗanki ya yi.” Ashe wannan hali bai tsaya a gidajenmu ba. A Amurka akwai wani nau'in kiɗa da ya tara wa mutane kuɗi buhu-buhu, amma fiye da shekara ashirin ke nan ana cigiyar wanda ya haife shi, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sunansa nu metal.

Ga wadda Allah ya tsare wa kunne ba ta taɓa jin sa ba, bari in kwatanta. Reshe ne na kiɗan rok mai nauyi da Turawa ke kira metal, aka gauraya shi da salon rap na baƙaƙen fatan Amurka. Wasu makaɗansa na amfani da jita mai tsirkiya bakwai maimakon shida, su sassauta tsirkiyoyin don sautin ya yi kauri kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Mawaƙin zai fara da raɗa-raɗa kamar mai jinya, can sai ya kurma ihu kamar an taka masa yatsa da turmi. Ga wando burgujeje, ga sarƙa na reto a ƙugu. Ya yi tashe daga wajen 1994 zuwa 2003, daga nan ya zama abin zolaya, har masu son rok suka mayar da tambayar “laifin wa ne?” abin raha a duk inda suka haɗu.

Ni dai ƙanen maigidana ne ya shigo min da wannan masifa gida, lokacin da ya zauna da mu yana karatun jami'a a 2002. Ɗakin zaure aka ba shi, amma har madafi nake jin bango na rawa. Da yake akwai wasa tsakanina da shi, na sa wa faifan nasa suna “rikicin maƙera”. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, har da furfura a gemu, kuma shi ne kan gaba wajen yi wa kiɗan dariya. Kwanan baya na tsare shi na ce ya faɗa min wanda zan kai ƙara saboda ciwon kan da na sha. Sai ya ce, “Matar Yaya, ai layin masu laifin ya fi na gidan mai tsawo, sai dai ki kafa kotu.” To, na kafa, ga yadda zaman ya kasance.

Wanda ake fara gurfanarwa kullum shi ne Fred Durst, jagoran ƙungiyar Limp Bizkit ta garin Jacksonville a jihar Fulorida, mai jar hular hana-salla da yake juyawa baya. Faifan da suka fitar a watan Oktoba na 2000 an sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya a makon farko kawai. Babban tabon da ke jikinsa shi ne bikin kiɗa na Woodstock na watan Yuli 1999, a garin Rome na jihar New York, inda kimanin mutum 200,000 suka taru, aka ƙare da fashe-fashe da ƙone-ƙone da cin zarafin mata. Masu shirya bikin suka ce shi ya ingiza matasa. Sai dai kuma a tsohon sansanin sojan sama aka tara jama'ar, kan kwalta, cikin tsananin zafi, ana sayar musu da gorar ruwa dala 4. Gobarar ma sai daren kashegari ta tashi, lokacin wata ƙungiya daban ce a kan dandamali. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shi kuwa Durst yana da wanda zai nuna, domin 'yan ƙungiyar Korn ne suka karɓi kaset ɗinsa tun ba a san shi ba, suka miƙa wa mai haɗa musu sauti, Ross Robinson. Korn 'yan garin Bakersfield ne a Kalifoniya, kuma faifansu na farko na 1994 shi ake ɗauka a matsayin ɗan fari a wannan zuriya. Robinson shi ne ungozoma, don shi ya haɗa faifan farko na Korn, da na Limp Bizkit a 1997, da na Slipknot masu rufe fuska da dodon roba a 1999. Amma ungozoma ai yanke cibi kawai ta yi, ba a tambayar ta tarbiyya. Su kansu Korn sun daɗe suna ƙin a kira su da wannan suna, haka ma Deftones da suka taso tare.

Daga nan sai a koma kan kakanni. A 1986 mai haɗa sauti Rick Rubin ya sa 'yan rap na Run-DMC suka sake rera wata tsohuwar waƙar ƙungiyar rok ta Aerosmith, tare da masu waƙar. A hoton bidiyon har bango aka nuna tsakanin ɓangarorin biyu, aka fasa shi. Masu raha na cewa da an san abin da zai biyo ta wannan kafa, da an kira magini tun a ranar. A 1991 Anthrax da Public Enemy suka maimaita irin wannan auren, a 1992 kuma Rage Against the Machine suka fito da nasu, mai cike da zafin siyasa.

A cikin waɗannan kakanni mutum ɗaya na san ya nuna kunya. Tim Commerford na Rage Against the Machine, da aka ba Limp Bizkit kyauta a bikin tashar MTV na 2000, haushi ya sa ya ɗare saman kayan adon dandamali ya ƙi saukowa, sai da 'yan sanda suka tafi da shi. A 2015 kuma ya fito a wata hira ya ba duniya haƙuri a kan samuwar Limp Bizkit. Wannan bawan Allah kotuna ta sallame shi, ko ba komai ya san ya kamata.

Wanda ya ɓata min rai shi ne Mike Patton na ƙungiyar Faith No More, wadda 'yan Korn da kansu suka ce sun koya daga gare ta. Da aka tambaye shi ko yana jin alhakin wannan kiɗa a wuyansa, sai ya ce sam, laifin iyayensu mata ne, ba nasa ba. Kun ji fa, 'yan'uwa! An zagaya Kalifoniya da Fulorida da New York, an wuce makaɗa da kamfanonin faifai da tashoshin talabijin da suka kwashi riba, aka zo aka sauke kayan a ƙofar ɗakin uwa. Wato ko a Amurka, in tuwo ya yi gudaji an san wadda za a kalla. Mu ba mu kaɗa jita ba, ba mu karɓi ko sisi ba, amma da mu aka rufe shari'a. Lallai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na yi dariya har da hawaye da ƙanen maigidana ya kawo nan, amma da ya fassara min abin da ake ihu a kai, dariyar ta ragu. Jonathan Davis, mawaƙin Korn, iyayensa sun rabu yana ƙarami, ya sha tsangwama a makaranta, kuma ya faɗa da bakinsa cewa an ci zarafinsa yana yaro, ya kai ƙara a gida ba a yarda da shi ba. Chester Bennington na Linkin Park, wanda faifansu na farko ya fi kowane faifai kasuwa a Amurka a 2001, shi ma ya ba da labarin yadda wani da ya girme shi ya riƙa lalata da shi tun yana ɗan yaro, iyayensa suka rabu yana shekara 11, ya faɗa shaye-shaye. A watan Yuli na 2017 ya kashe kansa yana da shekara 41, ya bar 'ya'ya shida.

Wannan ne ya sa na daina mamakin yadda kiɗa marar daɗi haka ya sami miliyoyin masu saye. Yawancinsu samari ne 'yan shekara sha-wani-abu, masu cin rai da ba su san wa za su faɗa wa ba, suka tarar da wani ƙato yana yin kukan da su aka hana su yi. Na tambayi ƙanen maigidana me shi kuma ya gani a ciki, tunda babu wanda ya zalunce shi a gidana. Ya yi shiru, sannan ya tuna min cewa a shekarar ce mahaifinsu ya rasu, kowa na ce masa namiji ba ya kuka. “Matar Yaya,” in ji shi, “in na ƙure sautin nan, babu mai jin nawa.”

Saboda haka ga hukuncin kotuna. Fred Durst zai biya tarar hula. Rick Rubin zai gyara bangon da ya fasa. Kamfanonin faifai su ne suka ci moriyar ganga suka ya da kwaurenta, su za su biya kuɗin maganin ciwon kaina. Shi kuwa Mike Patton, an kori ƙararsa, domin tarbiyyar yaro ba kayan mutum ɗaya ba ce, akwai uba, akwai makaranta, akwai unguwa, akwai kuma mugun da ya cuci yaron aka rufe maganar don gudun abin kunya.

Kada kuma wata ta ce ai abin ya wuce. Linkin Park sun dawo a 2024 da sabuwar mawaƙiya mace, Emily Armstrong, kuma yaran da ba a haifa ba lokacin tashen kiɗan suna tono shi a wayoyinsu. Bambancin kawai shi ne yanzu bango ba ya rawa, abin a kunne yake maƙale, uwa ba ta jin komai. In kin ga ɗanki ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa, kafin ki ƙwace wayar ki zauna kusa da shi ki ce ya sa miki ki ji, ya kuma faɗa miki abin da ake cewa. Wataƙila shirme ne zalla, ku yi dariya tare, sannan ki yi faɗanki. Wataƙila kuma a nan za ki ji maganar da ya daɗe yana neman hanyar faɗa miki. Ki dai tanadi maganin ciwon kai a kusa.

Allah ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.