Hanyar Pennine: Yadda Masu Tafiya a Ƙafa Suka Ƙwato 'Yancin Shan Iska

A cikin nazarin da nake yi kan tarihin mallakar ƙasa, babu labarin da ya fi tsaya mini a rai kamar na Hanyar Pennine da ke arewacin Ingila. Hanya ce ta masu tafiya a ƙafa mai tsawon kilomita kusan 430, wadda ta tashi daga ƙauyen Edale, ta bi ƙashin bayan tsaunuka har zuwa Kirk Yetholm a cikin Scotland. Wanda ya gan ta a taswira zai ɗauka wurin shaƙatawa ce kawai. Ni kuwa ina kallon ta a matsayin shaidar wata doguwar shari'a tsakanin masu ƙasa da marasa ita.

A farkon ƙarni na 20, ma'aikatan masaƙun Manchester da na masana'antun ƙarfe na Sheffield kan shafe mako cikin hayaƙi, ranar Lahadi su fita neman iska mai kyau. Tuddan da ke tsakanin biranen biyu kuwa mallakar attajirai da sarauta ne, an killace su domin farautar wani tsuntsu mai kama da makwarwa, an kuma zuba masu gadi. Ƙungiyoyin masu yawon ƙafa na lokacin sun daɗe suna roƙo da rubuta takardun koke, majalisa tana watsi da ƙudurori ɗaya bayan ɗaya.

Ranar 24 ga Afrilu, 1932, wani matashi ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman ya jagoranci ɗaruruwan ma'aikata suka hau tudun Kinder Scout ba tare da izini ba. An yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka kama mutum shida, aka ɗaure biyar na wasu watanni. Abin lura shi ne, manyan ƙungiyoyin ba su goyi bayan hawan ba; sun ga zai ɓata musu lallamin da suke yi. Sai dai tsananin hukuncin ya jawo wa matasan tausayin jama'a, maganar ta fita daga ɗakunan taro ta shiga bakin kowa.

Daga nan aikin ya koma hannun masu haƙuri. A 1935 aka kafa ƙungiyar Ramblers ta ƙasa baki ɗaya, a shekarar ce kuma ɗan jarida Tom Stephenson ya yi rubutu a jaridar Daily Herald yana neman a buɗe doguwar hanya irin ta Appalachian da ake shimfiɗawa a Amurka. Dokar gandayen ƙasa ta zo a 1949, gandun Peak District ya zama na farko a 1951. Hanyar kanta ba a buɗe ta ba sai 24 ga Afrilu, 1965, shekara 30 bayan rubutun Stephenson. 'Yancin yawo a buɗaɗɗun tuddai kuwa sai da ya jira dokar shekara ta 2000.

Masana na jayayya kan wanda ya fi cancantar yabo, Rothman ko su Stephenson. A ganina kowanne ya buƙaci ɗan'uwansa. Da babu ɗaurin 1932, koken zai ci gaba da kwana a aljihun tebur. Da babu ƙungiya mai rajista da mambobi da magatakarda, fushin zai huce cikin shekara guda. Gina hanya irin wannan na nufin sasantawa da masu gonaki ɗaya-ɗaya, da auna kowace ƙofa da kowace gada, aikin da ba ya shiga jarida.

Abin da ya fi damu na shi ne sauƙin rasa irin wannan haƙƙi. Hanyar ƙafa ba ta da katanga. Idan sawu ya ɗauke, ciyawa ta rufe ta, maƙwabci ya ja shingensa gaba, bayan ƙarni guda babu mai tuna ta. Shi ya sa har yau 'yan ƙungiyar Ramblers ke bin tsofaffin taswirori suna neman hanyoyin da suka ɓace domin a yi musu rajista. Haƙƙin da kakanni suka sha ɗauri a kansa, jikoki ne za su riƙe shi, da ƙafa da kuma takarda.